Ƙafafun Tadon a Bakin Ƙofa

Shekarata talatin da takwas ina shiga rigar dodo, kuma ban taɓa ɓata wa darakta ɗaukar fim ba, sai ranar da ƙafata ta yi mini gardama a ƙofar gidan wata tsohuwa.

Sunana Onodera Shigeko. In ka taɓa kallon fim ɗin yara ka ga wani ɗan guntun dodo yana tsalle yana birgima, to ka gaishe ni, don mai yiwuwa ni ce a ciki ina tsiyayar gumi ina zagin telan da ya ɗinka rigar. Na yi kaguwa, na yi kwaɗo mai ido uku, na yi wata halitta da har yau ban san ko mece ce ba. Tsayina bai kai kafaɗar ɗan sakandare ba, kuma gajartar nan ita ta ciyar da ni. Dokar sana'armu biyu ce, tun ranar farko ake cusa maka su. In kana cikin riga ba ka magana. Kuma ba ka cire kan dodo a gaban yaro, ko da numfashinka zai ɗauke.

Ina da jika guda, Mizuho, 'yar ɗana. Da can ni da ita ba a jin kanmu. Tana shekara tara ta saƙa mini safa a makaranta, ɗaya koriya ɗaya ruwan lemo saboda zaren ya ƙare mata, ɗaya ta kai ƙwauri ɗaya da ƙyar ta rufe idon sawu. Tun daga ranar ban sake shiga riga ba sai da safar nan a ƙafata.

Abin ya lalace ne ranar gasar gudu ta makarantarsu, tana shekara goma sha ɗaya. Na yi mata alkawarin zan zo, sai wasan da muke yi a saman wani babban kanti ya ja lokaci. Na cire kai kawai, na faɗa jirgin ƙasa da sauran jikin kaguwa, na iso filin ana gab da hura usur. Na ɗaga manyan hannuwan nan jajaye ina kaɗawa ina ihu, "Mizuho! Ƙara wuta!" Makaranta gaba ɗaya ta kwashe da dariya, har da shugaban. Yarinya ta waiwayo, ta yi tuntuɓe, ta zo ta ƙarshe. Har ta gama firamare sunanta Jikar Kaguwa. Shekara huɗu ke nan, gaisuwar sabuwar shekara kawai ke haɗa mu, ita ma kanta a ƙasa take yi. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

To, bara cikin watan takwas sai ga wayar Nabeshima, mutumin da ya shekara ashirin yana zuge mini zif yana riƙe mini ruwa.

"Uwar ɗakina, tashi ki haɗa jaka," in ji shi. "Yaron da zai shiga rigar dodon sabon fim ɗin darakta Kumagai ya karya gwiwa, saura kwana uku a fara. Rigar kuwa ba ta shiga kowa sai irinki."

"Irina wane iri, ɗan nema?"

"Irin waɗanda ake nema a ƙarƙashin tebur."

"Ka ci gidanku. Wace ce jarumar?"

"Wata sabuwar yarinya ce, bari in duba. Onodera Mizu... Af."

Af ɗin nan na riga shi saninta. Ubanta ya gaya mini ta sami fim, ya kuma gaya mini, yana ta sosa ƙeya, cewa ta roƙi kada Kaka ta leƙo wurin ɗauka. Duk da haka na ce wa Nabeshima zan zo, amma duk wanda ya ambaci sunana a wurin sai na cusa shi cikin rigar na ɗinke. Darakta Kumagai kuwa murna ya yi, don dama ra'ayinsa ne kada yarinya ta san wanda ke ciki, ta ɗauki dodon da gaske. Aka ba ni mota mai rufaffen gilashi ina sa kaya a ciki, kowa yana kirana da sunan dodon.

Tadon ke nan, baƙi, dunƙulalle, gashi buzu-buzu, ido kamar faifai. A labarin, yarinya ce 'yar masu tsohon gidan wanka na unguwa ta tsince shi a rumbun itace, yana cin sabulu yana gyatsar kumfa. Bos, wato shugaban mugaye, da yaransa suna son su rushe gidan wankan su kama shi su sayar. Muka tare a wani ƙaramin gari cikin tsaunukan Nagano, a tsakiyar watan takwas, zafi kamar a bakin murhu.

Ranar farko na leƙa ta ragar da ke wuyan Tadon na gan ta, ta yi tsawo, ta wuce ni nesa, gabana ya faɗi. Ita kuwa baiwar Allah ta daskare. Layi ɗaya tak, "Kai wane ne?", sai da aka ɗauka sau goma sha huɗu. Kumagai yana ta kai da kawo, hannu a baya, ciki a gaba, yana cizon tawul ɗin wuyansa. Na ga idonta ya kawo ruwa. Sai na lallaɓa na bi bayansa, na maida hannu baya, na turo ciki, yana taku ina taku. Ya juyo, na tsaya ina kallon sama kamar ban san komai ba. Mizuho ta fashe da dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da na shekara huɗu ban ji ba. Ɗauka ta goma sha biyar ta fito tsaf.

Daga nan fa ta manne wa Tadon. Da an ce a huta sai ta jawo kujera kusa da ni, ta riƙa yi mini fifita ta ragar wuya, ta zura tsinken roba ta bakin dodon in sha shayin sha'ir mai sanyi. Ga surutu. Ta ba ni labarin malamin lissafinsu, da yaron da take so wanda bai san tana duniya ba, da yadda bos ɗin fim ɗin, wani ƙato mai suna Hatakeyama, yake tsoron ƙwaro. Ni dai gyaɗa kai da kaɗa kunne.

"Ka san me ya sa nake sonka, Tadon?" ta ce. "Kai kaɗai ne a duniyar nan ba ka ba ni shawara."

Wata rana a mako na huɗu muna zaune a inuwa tana cin dunƙulen shinkafa, sai ta ce, "Kakata ma irin aikinka take yi." Na ƙame. Ta kwashe labarin kaguwa kaf ta ba ni, ni da na yi abin. "Har yanzu in na ga kaguwa a faranti sai abincin ya fita raina. Da zan ɗaga kai in gan ta a wurin nan, na rantse ajiye fim ɗin zan yi in hau jirgi in koma gida." Ta tsince ƙwayar shinkafa daga yatsanta. "Amma fa ta iya naɗaɗɗen ƙwai. Mamata ba ta iya ba."

A mota Nabeshima yana zuge mini zif ya kalli ƙafata ya ce, "Uwar ɗakina, safar nan za ta tona miki asiri wata rana."

"Tana cikin takalmin dodo, wa zai gani? Ja zif ɗinka ka rufe mini baki."

Na riga na yanke shawara. Saura mako ɗaya, zan gama in tafi ba ta sani ba. Makonni biyar na hira da jikata sun fi shekara huɗu na gaisuwa, kuma ba zan yarda in rasa su ba.

Ranar ƙarshe ita ce ta babbar fitowa, kuma sau ɗaya za a ɗauke ta, don rumbun itacen da za a tayar da wuta guda ɗaya aka gina. Tsarin shi ne: rumbu ya fashe, ni da Mizuho mu gangaro layin kasuwa a guje, bos da yaransa biyu a bayanmu, mu faɗa gidan wata tsohuwa mai suna Tsuruta da ta ba mu aro, mu ratsa ɗakinta, mu fasa ƙofar takarda, mu faɗa lambu, a can a yi bankwana. Kyamara uku, babu tsayawa. Mun gwada sau shida, kuma duk gwajin an shimfiɗa leda da katako a kan tabarmin ɗakin. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, da safen nan Kumagai ya ce ledar tana fitowa a hoto, a kwashe ta. An wanke tafin ƙafar Tadon, an roƙi tsohuwa ta yarda, shi ke nan a wurinsu.

Mutanen gari sun cika bayan igiya, yara a kan wuyan iyayensu. Mizuho ta kama hannuna. "Ka shirya, Tadon?" Na kaɗa kunne.

"Akshin!"

Dummm! Rumbu ya tashi, itace ya yi sama, zafin ya dake ni ta cikin gashi. Muka zuba a guje! Kai, ranar na manta ina da shekara sittin da ɗaya. Na tsallake kwandon kabeji, na bi ta ƙarƙashin teburin mai kifi, na fito da wani ƙaton kifi a kaina na yar. Ɗaya daga yaran bos ya kawo mini raga, na dunƙule na mirgina ta tsakanin ƙafafunsa, ya faɗa baho na ruwa, tsulum! Na yi gyatsa, injin da ke cikin ƙirjina ya feso kumfa ya cika layi, Hatakeyama ya taho yana zamewa yana ihu, "Ku kama mini shi, 'yan iska!" Yara suna ta tsalle a bayan igiya, "Gudu, Tadon! Gudu!" Mizuho tana jan hannuna, gashinta yana tashi, tana dariya da gaske. Muka sha kwana, ga ƙofar gidan Tsuruta a buɗe.

Ta watsar da silifas ɗinta a guje kamar yadda aka tsara, ta haye ɗakin. Ni kuwa Tadon, dodo ne, bai san wata tarbiyya ba, faɗawa kawai zai yi. Na ɗaga ƙafa zan taka.

Sai ƙamshin ya shigo ta ragar wuya. Sabuwar tabarma, koriya shar, ko mako ba ta yi da shimfiɗawa ba. Ashe tsohuwar nan da ta ji za a nuna ɗakinta a fim sai ta kira masu tabarma suka sake mata sababbi. Babu leda, babu katako. Ga ni da takalmin da ya tako kabeji da ruwan kifi da kumfa.

Ƙafata ta ƙi. Wallahi ba ni na hana ta ba. Kaina yana cewa taka, ana ɗauka, rumbun guda ɗaya ne, amma ƙafar da uwata ta yi wa horo da bayan ludayi tun ina rarrafe ta tsaya cak a sama. Kafin in ankara na juya na zauna a kan dakalin shiga, na kama ƙafar Tadon ta dama na tuge, na tuge ta hagu, na jera su gefe da gefe, na juya yatsunsu suna kallon waje yadda duk ɗan mutunci yake yi a gidan mutane. Har da ɗan gyara ta hagun don ta ɗan karkace.

Sai da na miƙe a kan tabarmar na gane abin da na aikata. Gashin Tadon ya ƙare a idon sawu. Daga nan zuwa ƙasa, koriya ɗaya, ruwan lemo ɗaya.

Mizuho ta juyo don ta ja ni. Idonta ya sauka ƙasa, ya tsaya a can. Na ga dariyar ta bar fuskarta. Wayyo ni, na ce a raina, shi ke nan, na sake yi mata, kuma wannan karon a gaban kyamara uku.

Sai ga bos da yaransa sun faɗo zauren suna haki, raga a hannu. Hatakeyama ya ga ƙafafun dodo a jere, ya ga sabuwar tabarma, ya taka birki har na bayansa suka yi karo da shi. Ƙaton nan ya dubi manyan takalmansa masu igiya, ya dubi tabarma, sai ya durƙusa ya fara kwance igiya! Yaransa ma haka. Ga mugaye uku suna ɗingishi da ƙafa ɗaya, suna dafa juna, ɗaya yana cewa, "Oga, tawa ta ƙulle!" Hatakeyama yana cewa, "Ja da haƙori, sakarai, za su tsere!" Da ya samu ya cire, har ya ɗan rusuna wa ɗakin ya ce, "A gafarce mu da kutse." Mai kyamara kafaɗarsa sai rawa take yi don dariya. Ina jiran in ji Kumagai ya ce a tsaya, shiru.

Mizuho ta ɗago ta kalli ragar wuyana, daidai inda ta san idon mutum yake. Sannan ta cafki hannuna, ba riƙon da ta saba ba, matsewa ta yi har na ji ta cikin safar hannun.

"Taho mana, tsohon banza!" ta daka mini tsawa. Wannan ba ya cikin takardar fim.

Muka ratsa ɗakin, safa tana zamewa a kan tabarma, na tafi suuu kamar a kan sabulu, na yi ciki da ƙofar takarda, ɓarrr, muka mirgina cikin lambu. Mugaye suka biyo mu da safa, suka taka tsakuwa, suka kama tsalle suna wayyo-wayyo har suka faɗa tafkin kifin tsohuwa kamar yadda aka tsara, sai dai ba wanda ya tsara ihun.

Saura bankwana. Mizuho ta tsaya a gabana tana haki, hawaye yana zuba, ba na maganin da ake ɗiga mata ba. Ta faɗi layinta.

"Tafi. Tafi, kada ka waiwayo."

Ban san da wa take ba, da Tadon ko da ni. Na juya na taka zuwa ƙofar baya, tsakuwa tana sukar tafin ƙafata, ban waiwayo ba.

"Kat!"

Wurin ya kaure. Kumagai ya fito yana tuntsira dariya yana share ido da tawul. "Wa ya kawo wannan dabarar? Dodo mai cire takalmi! Ba zan taɓa ko daƙiƙa ɗaya ba, safar kawai za mu shafe mu sa gashi!" Tsohuwa Tsuruta tana ta shafa tabarmarta tana cewa ba ta taɓa ganin dodo mai tarbiyya irin wannan ba. Hatakeyama ya fito daga tafki da ganye a ka yana ba kowa haƙuri. Ni kuwa na sami wani dutse na zauna. Ta cikin raga na ga Mizuho ta juya ta shige gidan. Nabeshima ya matso da ruwa. Jirgin ƙarfe huɗu da rabi nake ta tunani, ko za ta same shi ta koma gida yadda ta rantse.

Sai ga ta ta fito, rungume da ƙafafun Tadon. Ta zo ta durƙusa a gabana, ta ɗaga ƙafata ta dama, mai koriyar, ta karkaɗe tsakuwar da ta manne. Dunduniyar ta huje, fatata a waje. Ta sa yatsa a hujin ta daɗe tana kallo. Sannan ta zura mini takalmin, ta zura ɗayan, ta ja gashin ta rufe idon sawun da kyau don kada yaran da ke leƙe ta katanga su gani.

"Tadon," ta ce, ba ta ɗago ba. "Duk abin da na gaya maka na yaron nan, in ya fita, sai na aske ka tas."

Na gyaɗa kai da sauri.

"Kuma in ka haɗu da kakata, ka ce mata ta daina yawo da safa mai huji, tana ba ni kunya. Ka ce ranar Lahadi zan zo da zare. Ta soya ƙwai." Ta ja hanci. "Ka ce mata ranar gudun nan, duk iyayen da suka zo, ita kaɗai ce ta zo a guje."

Shekara talatin da takwas ban taɓa yin ko tari a cikin riga ba. An taka ni, an cinna mini wuta a wutsiya, na suma sau biyu, ban ce uffan ba. Ranar sai na ji wata shaƙaƙƙiyar murya ta fito ta ragar wuyan Tadon.

"Mai sukari, ko mai gishiri?"

Mizuho ta ɗago, ido jajur, ta dalla mini harara irin ta gidanmu.

"Tadon ba ya magana, Kaka."

Ta ɗauki mafici ta zauna kusa da ni ta ci gaba da yi mini fifita. Nabeshima ya miƙo hannu zai kai ni mota ya cire mini kai, na buge hannun. Na ƙara minti ashirin a cikin zafin nan, don fuskata ta jiƙe da hawaye, ba ta ganuwa a lokacin.